Sharar Tarago

Jirgi bai taɓa bi ta ƙauyenmu ba, ko layin dogo ba mu da shi, amma duk wanda ya taho daga Makoda abin da yake fara gani shi ne taragon jirgin ƙasa zaune a ƙofar gidanmu. Ba shi da ƙafafu, a kan duwatsu aka ɗora shi, an shafe shi da koren fenti tun daga sama har ƙasa. Mahaifina, Baba Ɗan Iya, shi ya sayo shi a gwanjo a Kano ina 'yar shekara shida. Ranar da tirela ta kawo shi mutanen gari ba su je gona ba.

Taragon ba irin wanda ake gani a hoto ba ne. Ba shi da taga ko ɗaya, sai wasu ramuka dogaye can sama kusa da rufi. Ƙofarsa ɗaya ce. A tsakiyar daɓen katakon akwai wasu ƙarafa huɗu masu lanƙwasa, kamar an yi su ne don a kwantar da wani abu mai ƙaton ciki, kuma ta ƙarƙashinsa akwai guntayen bututu da suka leƙo hagu da dama. Ba wanda ya taɓa sanin amfaninsu, kuma gaskiya ba wanda ya damu. Baba rumbu yake so wanda ɓarawo ba zai fasa ba, ya kuwa samu.

Abin da ya sa taragon ya yi suna shi ne, wake ba ya ƙwari a cikinsa. Kowa ya san halin wake, wata biyu bayan kaka ka buɗe buhu ka tarar da gari. To, na Baba sai ya shekara lafiya lau. Gara ba ta cin katakonsa, ɓera ba ya zama, kuma ko a tsakiyar damina ciyawa ba ta fitowa a gindinsa, fili ne fetal, har dattawa suka mayar da wurin majalisa. Mutane suka ce albarka ce, Baba ma ya ce albarka ce. Ba a barin wake a buhu, zazzage shi ake yi a kan katakon ya taɓa shi sosai. Idan aka kwashe, sai a share ƙurar da ta rage, a ƙulla ta a tsumma, maƙwabta su zo su karɓa su barbaɗa a nasu buhunan. Sharar tarago ake ce mata. Baba bai taɓa karɓar ko ƙwayar gero a kanta ba, sadaka yake yi, kuma yana jin daɗin hakan fiye da komai a rayuwarsa.

Mai sharar kuwa mahaifiyata ce, Inna Fanta. Shekara ashirin da wani abu ita ke shiga ta juya waken da hannu, ta share, ta ƙulla. Tafin hannunta ya yi wasu ƙananan kanta masu tauri, birjik kamar an watsa gero, tafin ƙafarta ma haka, fatar wuyanta ta yi dabbare-dabbare. Baba kan kama hannun ya nuna wa baƙi, ya ce, "Kun ga hannun aiki." Daga baya ciwon ciki ya kama ta, ƙafafunta suka daina ji, ta yi ta ramewa har Allah ya karɓi abarsa. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma kwanan ne ya ƙare, ban musa ba.

Ni Aina'u, aure ya kai ni Ɗambatta, sai bayan rasuwar mijina na dawo gida da 'yata guda, Rumaisa. Baba ya ga jikarsa mai hankali ce, ba ta da ƙyuya, sai ya ɗauko tsintsiyar tarago ya damƙa mata, ya ce amaryarsa ce ta gaji kakarta. Ita kuwa har da murna. Shekara huɗu tana wannan aiki ban ce komai ba.

Wata rana da hantsi ina sa mata lalle, na buɗe tafin hannunta sai na tsaya. Ƙwayoyi ne uku a gindin babban yatsa, biyu a tsakiya, masu tauri. Na san su. Na wanke hannun Inna ranar da muka yi mata wanka na ƙarshe, yaya za a yi in manta? Gabana ya faɗi, lallen ya bushe a yatsana ban sani ba.

Na kai ta asibiti. Malamar da ta duba ta ta juya hannun, ta duba bayan wuyanta, sannan ta tambaye ni, "Me take yawan taɓawa?" Na ce wake. Ta ce wake ba ya haka, mu je Kano a gwada jininta, amma kafin nan ko mene ne take taɓawa ta bari. Tun a kan babur muna dawowa na san abin da nake zargi, na kuma san faɗan da ke jirana.

Na sami Baba a gindin taragon, makullin na rataye a wuyansa cikin igiyar fata kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so Rumaisa ta daina shiga tarago."

Ya ce, "Ta gaji ne?"

Na ce, "Hannunta ya fara yin irin na Inna."

Ya yi murmushi, wallahi murmushi ya yi, ya ce, "To ai gado ne. Hannun aiki."

A nan na manta a gaban wa nake. Ni dama an san ni da baki, Inna ma takan ce da ni aka haifi faɗa. Na ce masa abin da ke kashe ƙwari ya hana ciyawa fita ba zai bar mutum ba. Na ce ba wanda ya san abin da aka yi da wannan akwatin kafin ya zo nan. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce shekara arba'in da huɗu gari na cin albarkar abin nan, ba zai rufe shi don zargin mace ɗaya ba, kuma ga kaka ta zo, in Rumaisa ba ta shiga ba wa zai shiga?

Ya ce, "Ke ba ki taɓa hawa jirgi ba, Aina'u. Kawo mini wanda ya san jirgi ya faɗa mini abin da tarago na yake. In ya faɗa, na ji."

Zan iya hana 'yata da ƙarfi, na sani. Amma Rumaisa ba ta iya ce wa kakanta a'a, ina juya baya za ta ɗauki tsintsiya, kuma sauran kwana goma a fara zuba sabon wake. Sai na kama maganarsa.

Ƙanena Uwaisu, wanda ke harkar hatsi a Dawanau, ya ɗauki hotunan taragon da wayarsa ya tura wa jama'a. Kai, mun sha labari. Wani ya ce na fursunoni ne, shi ya sa ba taga. Wani ya ce na gawar Turawa ne. Wani malamin makaranta ya rantse na dawakai ne, ban san ta inda doki zai kwanta a kan waɗannan ƙarafan ba. Kowa da tabbacinsa, kuma ba wanda ya taɓa taka tasha a cikinsu. Kwana shida suka tafi a haka, ina ta cin Uwaisu da faɗa kamar shi ya ƙera taragon.

A rana ta bakwai wani direba a Dawanau ya gaya masa akwai wani tsoho a Bacirawa, Malam Khalilu, wanda ya ƙare aikinsa yana duba taragai a tashar Kano. Washegari da sassafe muka hau mota.

Mun same shi a zaure, ɗan siriri, idonsa ɗaya ya yi fari fat, ɗayan ma sai a hankali. Uwaisu ya miƙa masa waya. Ya kai ta har bakin hancinsa, ya mayar, ya ce shi bai taɓa gane tarago da ido ba ko lokacin da yake da idon. Ya ce in faɗa masa da baki. Na faɗi ramukan sama, na faɗi ƙarafan nan huɗu. Da na zo kan bututun da suka leƙo hagu da dama sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Me kuke ajiyewa a ciki?"

Na ce, "Wake."

Ya sauke hannunsa a hankali. Sannan ya ce wa Uwaisu ya shiga ɗaki, bayan ƙofa akwai wata guduma mai doguwar ƙota, ya ɗauko masa. Ya ce ba zai faɗi komai ba sai ya taɓa da hannunsa, don ba ya son ya ɗora wa bayin Allah tashin hankali a kan zato.

Mun iso gida bayan azahar. Kafin a shimfiɗa wa Malam Khalilu tabarma gari ya taru, maza a gaba, mata suna leƙe ta kan danga. Baba ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo fura, yana ta ba shi labarin albarkar tarago. Ina ganin ya ɗauka baƙon ya zo ne ya ba ni kunya. Malam Khalilu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Ɗan Iya. A ba ni izini in gaisa da shi."

Ya fara daga waje. Yana tafiya a hankali, hannu ɗaya a jikin katako, ɗayan yana ƙwanƙwasa ƙarfen gindi da guduma, ya kasa kunne, ya matsa gaba. Ya durƙusa da kyar ya laluba bututun, ya zura yatsa a bakin ɗaya, ya ƙirga ƙananan hujojin da ke jikinsa. Ya shafa ƙasar wurin, ya tambaya ko ana nome ta ne. Aka ce masa ba a taɓa ba. Da Baba ya buɗe ƙofa, Malam Khalilu ya ciro ƙyalle ya ɗaure hancinsa kafin ya shiga, mutane suka yi 'yar dariya. Ya daɗe a ciki. Muna jin gudumar tana taɓa ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya.

Da ya fito bai zauna ba. Ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannu har gwiwa, ya wanke kan gudumar. Sannan ya koma jikin ƙofar, ya auna taƙi biyu daga mariƙin, ya ɗora tafinsa a wurin.

Ya ce, "Malam Ɗan Iya, da aka kawo shi, akwai zane a nan?"

Baba ya ce, "Akwai."

"Na mene ne?"

"Ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa biyu, da jan fenti, da rubutun boko a ƙasa. Na ga bai dace a ajiye irin wannan hoto a ƙofar gidan Musulmi ba, ga yara suna tsoro. Tun ranar na shafe shi."

Malam Khalilu ya ce a ba shi wuƙa. Ya kankare koren fentin a hankali, ja ya fara leƙowa, sai ramin ido ɗaya ya fito. Ya tsaya a nan, bai ƙarasa ba.

Ya juyo wajen Baba, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit har matan bayan danga sun ji. Ya ce wannan ba taragon kaya ba ne, na kashe ciyawa ne. Kafin damina akan haɗa shi a bayan jirgi a bi layi da shi a hankali. A kan ƙarafan nan huɗu tanki ne yake kwance, a ciki ake dama wani farin gari mai guba da ruwa, ya bi ta bututun nan ya fesu hagu da dama don kada ciyawa ta cinye layin dogo. Ramukan sama na fitar da tururin ne. Ya ce garin a buhu yake zuwa, a nan kan daɓen ake farke shi, yana zuba, ruwan yana malala, shekara da shekaru katakon yana sha. Su kansu ma'aikata ba sa cin abinci kusa da shi. Ya ce irin wannan in ya tsufa ba a sayar wa mutum ya kai gida, wanda ya sa shi a gwanjo ya san abin da ya yi.

Wani dattijo ya ce, "Amma Malam, shekara arba'in da huɗu fa. Ai ko mene ne ya ci a ce ya fita."

Malam Khalilu ya nuna ƙasar da suke zaune a kai. Ya ce, "Ciyawar ta dawo?"

Na ga mutum biyu sun janye ƙafafunsu sun mayar kan tabarma.

Ni kuwa ina tsaye a bakin zaure, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na fara ji. Kwana takwas ana kallona kamar mahaukaciya, ga shi gaskiyata ta fito a gaban kowa. Har na shirya abin da zan ce. Sai na dubi Baba.

Yana zaune yadda yake, hannunsa riƙe da makullin da ke wuyansa. Ya ce, "Malam Khalilu, wannan garin, yana taɓa hannu?"

Malam Khalilu ya ce shi ba likita ba ne. Amma ya san mutum biyu da suka yi shekaru suna dama shi, kuma dukansu tafin hannunsu ya yi ƙwayoyi masu tauri, fatarsu ta yi dabbare-dabbare, daga baya ƙafafunsu suka daina ji.

Baba ya ce, "Suna nan?"

Ya ce, "Allah ya ji ƙansu."

Na fasa faɗin abin da na shirya, kuma har yau ina gode wa Allah da bai fito ba. Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ji kunyar daɗin da na ji.

Jama'a suka fara zamewa da ɗaiɗai. Wasu na cewa sai an bincika, wasu suka nufi gidajensu da sauri. Uwaisu ya tafi raka Malam Khalilu bakin titi. Kafin su tafi Malam Khalilu ya ja ni gefe ya ce kada a ƙona katakon, hayaƙin ya fi muni, a rufe kawai a sanar da ma'aikatan lafiya, yarinyar kuma a kai ta Kano gobe, ba jibi ba.

Da wurin ya rage daga ni sai Baba, ya ce in kira masa Rumaisa. Tun da aka haife ta amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, su yi ta tsokanar juna. Amma a ranar, da ta fito ta durƙusa, sai ya ce, "Rumaisa, kawo hannunki."

Ta miƙa masa. Ya buɗe tafin, ya bi ƙwayoyin nan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Na tsaya ina jiran ko zai faɗi abin da ya saba faɗa. Bai faɗa ba.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da aka sauke shi, Fanta ta leƙa ciki ta ce warinsa yana tayar mata da zuciya. Na ce mata za ta saba." Sannan ya ce, "Ni na miƙa mata tsintsiyar, Aina'u. Da hannuna."

Na ce, "Baba, ba ka sani ba."

Ya ce, "An rubuta. Ni na shafe."

Sai hawaye suka zubo mini. Rumaisa tana kallonmu, hannunta na cikin nasa, ita ma ta fara.

Ya tashi da kansa ya ja ƙofar taragon, ya datse ƙwadon, ya cire igiyar daga wuyansa ya sa mini a hannu. Inda igiyar take kwanciya a wuyansa ya yi wani layi mai haske, ban taɓa ganin wurin a buɗe ba. Ya ce gobe da asuba Uwaisu ya nemo mota, shi ma da shi za a je Kano. Daga nan ya ce in ba shi tsohon buhu da sandarsa.

Na ce, "Ina za ka, Baba? La'asar ta kusa."

Ya ce bara ya raba ƙulli talatin da ɗaya, kuma ya san gidan da kowanne ya shiga. Na ce ya bari Uwaisu ya dawo ya zagaya, ko ni in je. Ya girgiza kai, ya ce shi ya bayar aka yi masa godiya, shi zai je ya karɓo.

Ya fara da gidan Larai, maƙwabciyarmu, wadda ta fi kowa zuwa karɓar shara saboda marayun da take riƙo. Ina tsaye da makulli a hannu ina kallonsa ya tsallaka hanya, buhun na jan ƙasa. Ya tsaya a ƙofar zaurenta ya yi sallama, ba a ji ba, don muryar ba ta fita ba. Ya gyara tsayuwa ya sake yi.